'Yar Aljihu da Marar Madubi a Ƙasar Rake

Kafin ɗalibin nazarin al'ada ya fita ziyarar gani da ido, akwai tambayoyin da ake tsare shi da su a zauren gabatar da ƙudurin bincike. Za a tambaye shi ra'in da zai ɗora aikin a kai, da yawan mutanen da zai tattauna da su, da inda farfajiyar binciken ta tsaya. Da wuya a ji wani malami ya tambaye shi da wace na'ura zai ɗauki hoto. An saba ɗaukar hoto a matsayin kayan rataye, abin da ake liƙawa a ƙarshen kundi, a buga shi baƙi da fari a shagunan kwamfuta na Samaru, inda fuskar maƙeri da bangon maƙera kan haɗe su zama duhu guda. Muddin a nan hoto zai ƙare, kowace kyamara ta wadatar. To amma mujallu sun koma intanet, mai karatu yana iya buɗe hoto ya faɗaɗa shi har ya ƙirga layukan saƙar da ke jikin faifai. Da wannan sauyi hoto ya zama hujja, kuma abin da aka ɗauko hujja da shi ya cancanci a yi masa tambaya kamar yadda ake yi wa kowace dabarar bincike.

Wasu ɗalibai biyu masu neman digiri na biyu sun ci karo da wannan batu a rani guda, a yankin da ya haɗa ƙananan hukumomin Makarfi da Kudan da Ikara, wato ƙasar Zazzau ta arewa da ta yi iyaka da jihar Kano. Ƙasa ce ta fadama da rake da tumatur. Namijin yana nazarin sana'ar mazarƙwaila a ƙauyukan Makarfi. Macen kuwa tana bin kayan zaƙin da mata ke yi a cikin gida, irin su alewa da nakiya da alkaki, a tsakanin Hunƙuyi, hedikwatar Kudan, da garuruwan da ke kewaye da ita. Shi ya aro Sony a7 III daga wurin yayansa mai sana'ar ɗaukar hoton biki a Zariya. Ita kuma ta sayi Canon IXUS 185 ta hannu, 'yar mitsitsiya da ke shiga aljihun jaka tare da waya da carbi.

A takarda tazarar da ke tsakanin na'urorin biyu ba ta da ban tsoro. Ƙaramar tana ɗaukar hoto mai ɗigo miliyan 20, babbar miliyan 24, kuma mai shago ba zai fasa jaddada wa mai saye wannan ƙidaya ba. Inda bambancin ya ɓuya shi ne allon da ke kama haske a cikin cikin kyamara. Na ƙaramar bai wuce milimita 6.17 a 4.55 ba, bai ma kai farcen ƙaramin yatsa ba. Na babbar kusan milimita 36 ne a 24, wato ya ninka ɗan uwansa wajen sau 30 a faɗi. Misalinsu misalin mutum biyu ne da suka fita tarar ruwan sama, ɗaya da ludayi, ɗaya da ƙwarya. Idan ana sheƙa ruwa kowa zai cika abinsa. Ranar yayyafi ake gane wanda ya fito da shiri. Ita kuwa laƙabin "marar madubi" ta same shi ne daga abin da aka cire mata. Manyan kyamarori na da suna da madubi a ciki, wanda ke tura hoto zuwa idon mai ɗauka, ya kuma ɗaga da ƙara duk lokacin da aka danna. Kamfanin Panasonic ya fitar da ta farko marar wannan madubi a 2008, Sony ya biyo da mai cikakken allo a 2013. Cire madubin ya rage nauyi, ya kuma ba da damar ɗaukar hoto ba tare da ko ƙwas ba. Duk da haka jikin a7 III kaɗai giram 650 ne kafin a ɗaura mata lensi, wato gilashin idonta, alhali ƙaramar gaba ɗayanta giram 126 ce.

Aikin mazarƙwaila ba ya jiran rana ta fito. Tun da jijjifi ake ɗaura doki a jikin doguwar sandar da ke juya injin matsa, yana kewayawa, yaro yana cusa rake a tsakanin ƙarafa, ruwan yana tsiyaya. A gefe an haƙa murhu, an ɗora manyan kasake na ƙarfe, ana iza wuta da busasshiyar tuƙar raken da aka matse jiya. Mai dahuwa yana tsaye da doguwar mara yana kwashe kumfa, yana duba kauri, har ruwan ya kai matsayin da za a sauke a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Duk abin da manazarci ke nema a wannan wuri yana motsi, kuma yana motsi ne a cikin duhu da hayaƙi da tururi. Nan babbar kyamara ta nuna abin da aka saye ta dominsa. Ta tsayar da ƙafar doki a sama, ta fito da hannun yaron da tazarar da ke tsakaninsa da ƙarfen da ya sha cin yatsun mutane, ta kuma riƙe jan hasken wuta a fuskar mai dahuwa ba tare da filasha ba. Ƙaramar a irin wannan haske zaɓi biyu gare ta. Ko ta bar ƙyaurenta a buɗe ya daɗe, doki ya zama wata inuwa mai ƙafa takwas, ko ta harba filasha, tururi ya mayar da hasken, hoton ya zama farin gajimare, dokin ma ya zabura.

Akwai kuma batun launi, wanda a wannan sana'a ba ado ba ne. Mai dahuwa da ido yake gane lokacin saukewa, mai saye ma launi na cikin abin da yake dubawa kafin ya taya. Babbar kyamara tana iya ajiye ɗanyen hoto, wanda masu sana'ar ke kira RAW, inda duk bayanin da allon ya kama yake nan ba a taɓa shi ba, har a daidaita shi daga baya da farar takardar da aka ajiye a gefen kasko. Ƙaramar ba ta da wannan. Ita ke yanke hukunci da kanta a kan yadda ja ya kamata ya kasance, ta matse hoton, ta zubar da saura. Wanda zai rubuta babi a kan kalmomin da masu sana'a ke bambanta matakan dahuwa da su, ya kuma kafa hujja da hoto, bai kamata ya bar wa na'ura wannan hukunci ba.

Da a nan zancen ya tsaya, da an gama gardama. Sai dai kyamara ba ido ba ce kaɗai, kaya ce da ake gani a wuyan mutum, kuma mutanen karkara sun daɗe da koyon karanta ta. A kasuwar Laraba ta Makarfi ɗalibin bai yi taku goma ba yara suka yi masa zobe. Wani ya ce ɗan jarida ne, wani ya ce 'yan fim ne suka zo duba wuri, wata mai sayar da daddawa ta ja mayafi ta juya baya. A wurin matsa kuwa dattijon da ke da injin ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, "Yaro, wace ƙungiya ce ta turo ka?" Ya rusuna ya ce, "Baba, ɗalibi ne ni, karatu ya kawo ni." Dattijon ya gyaɗa kai irin na wanda bai gamsu ba, ya ce, "To madalla. Ka dawo gobe mu kintsa." Washegari an share wurin tas. An cire tsumman da ake yi wa doki ƙafa-ƙafa da shi a wuya, an sa sabon buhu. Yaron da ke cusa rake ya bar yagaggiyar rigar ƙwallo ya sa kaftani. Tsohuwar marar da bakinta ya cinye saboda shekaru, wadda ita ce ta fi komai daraja a idon manazarci, an jingine ta a bayan bukka, an fito da sabuwar roba. Wasu maƙwabta uku sun zo da katin shaidarsu a aljihu, ko da rabon tallafi ne. Hotunan ranar sun yi kyau matuƙa, sai dai wurin da suka nuna an shirya shi ne domin baƙo.

Ba laifin dattijon ba ne. Bahaushe ba ya tarbar baƙo da kayan aiki a jiki, kuma wanda ya ga na'urar da kuɗinta ya fi na dokinsa yana da dalilin zaton akwai wani babba a bayanta. Wannan karamci ne, amma ga mai nazarin al'ada karamcin kan rufe ainihin abin da ya zo gani.

Ɗalibar ta sha bamban tun daga ƙofa. Aikinta yana bayan zaure, inda aka rubuta "ba shiga", kuma tarihin wannan fage ya nuna cewa wanda ya iya shiga shi ke fitowa da labari. Mary Smith ta samu tarihin Baba ta Karo a tsakanin 1949 da 1950 ne saboda mace ce da ke iya zama da mata, da alƙalami da takarda kawai, littafin kuma ya fito a 1954. Ɗalibar ta yi kwanaki tana zuwa gidan wata tsohuwa mai alewa, tana taya tankaɗe, kyamarar na cikin jaka. Ranar da ta fito da ita ta ce, "Inna, ina so in ɗauki hannunki kina ja, ban da fuska." Tsohuwar ta leƙa abin ta yi dariya ta ce, "Wannan 'yar abar? Ɗauki mana, 'yar nan." Ba wanda ya tashi ya sauya zane. Ta samu hoton gwangwanin da ake awo da shi, da tukunyar da ta yi baƙi ƙirin, da yadda ake naɗe alewa a jikin ƙusa ana ja har ta yi fari, da yarinyar da ke jira da faranti za ta kai talla.

Ita ma ƙaramar tana da nata sauyin da take jawowa, ko da yake ba a cika lura da shi ba. Madafin tsohuwar ɗaki ne mai ƙofa ɗaya, bangonsa ya sha hayaƙi. Duk hoton da aka ɗauka a ciki ya fito dishi-dishi, cike da tsaki. Dole ɗalibar ta roƙi a fito da wani sashe na aikin tsakar gida inda rana take. Wanda ya ga hotunan zai ɗauka a fili ake yin alewa a gidan, alhali ba haka ba ne. Babbar kyamara ta sa an sauya riga, ƙaramar ta sa an sauya wuri, kuma ɗalibar ta yi abin da ya dace da ta rubuta a ƙarƙashin kowane hoto ko a mazauninsa aka ɗauke shi ko an matsar da shi.

Da suka haɗu a makaranta suka kwatanta abin da suka samo, sai suka yi musaya ta kwana biyu. Ta shiga gidan da ta saba da babbar a kafaɗa. Amaryar gidan ta shige ɗaki ta saki labule. Tsohuwar da ke ce mata 'yar nan ta ce, "Wannan kam sai an tambayi Malam." Aka aika zaure, amsa ta dawo cewa a bari tukuna. Tsoronsu ba na banza ba ne, domin kowa ya ji labarin hoton matar aure da ya fita daga wayar wani ya shiga Facebook ko TikTok, kuma babbar na'ura ta fi kama da abin da ke kai hoto duniya, ko da yake a gaskiya wayar da ke hannun kowa ta fi ta saurin yin haka. Shi kuwa ya koma wurin matsa da ƙaramar da hantsi. Ba a kula shi ba. Ya samu tsohuwar mara a hannun mai dahuwa, ya samu yaron da rigarsa ta ƙwallo. Na asuba ne dai ya gagara.

A nan akwai wani santsi da ya kamata a ambata. Sauƙin ɓoye ƙaramar kyamara kan ja manazarci zuwa hoton sata, ya fake da cewa yana neman "yanayi na asali". Wanda ya amince da abin da bai fahimta ba bai amince ba. Tsohuwar da ta ce a ɗauka saboda ta raina na'urar ba ta san cewa hoton mai ɗigo miliyan 20 ne, za a iya sa shi a mujallar da ake buɗewa daga Alƙahira ko Landan ba. Haƙƙinta ne a gaya mata inda hoton zai je, da harshen da za ta gane, kafin a danna. Babbar kyamara, da duk damuwar da take jawowa, aƙalla ba ta yaudarar kowa game da girman abin da ake shirin yi.

Sauran bambance-bambancen na hanya ne, kuma kowa ya ɗanɗana nasa. Ƙurar hunturu ba ta bar ko ɗaya ba. Marar madubi idan aka cire mata lensi allonta a buɗe yake, sauyi ɗaya a bakin hanya ya isa ya bar ɗigon ƙura a kowane hoto. Ƙaramar kuma lensinta mai fita da komawa ne, tsakuwa ɗaya kan maƙale shi. Batirin babbar kan kai hoto wajen 700 a caji guda, na ƙaramar 200 da 'yan kai, abin da ke da muhimmanci a garin da sai an kai caji shago. A bayan ɗan acaɓa kuwa, kan hanyar da ta ratsa gonakin rake, wanda ya rungumi jakar aro da hannu biyu ya san nauyin amana. Kuɗi shi ne babban shinge. An fitar da a7 III a 2018 a kan kusan dalar Amurka 2,000, jiki kaɗai. Bayan da dala ta haura naira 1,500 a 2024, wannan ya zarce naira miliyan 3, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Ita kuwa 'yar aljihu kasuwarta ce ke mutuwa. Kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori sama da miliyan 120 a 2010, zuwa 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba, domin waya ta cinye gurbin ƙananan. Yawancin ɗalibai a yau da Tecno ko Infinix suke fita, kuma kusan duk abin da aka faɗa a kan 'yar aljihu ya hau kansu, sai dai ita tana da lensin da ke jawo nesa da gaske, ba kuma a kiranta a tsakiyar hira.

Hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne cewa aibin babbar kyamara yana da magani, na ƙaramar ba shi da shi. Maganin kuwa zama ne. Mutane ba sa iya kintsawa kullum. Wanda ya yi mako uku yana zuwa wurin matsa, yana shan ruwan rake da su, yana rataye da na'urarsa ba ya dannawa, zai wayi gari an daina ganinta, tsumma ya koma wuyan doki. Allon ƙaramar kuwa ko shekara aka yi ba zai faɗaɗa ba. Matsalar ita ce zama shi ne abin da ɗalibin digiri na biyu ba shi da shi. Kuɗin mota daga aljihunsa yake fita, wa'adin kundi yana matsowa, kyamarar kuma ta aro ce. Saboda haka ya fi dacewa sassan Hausa su mallaki irin wannan na'ura a matsayin kayan bincike, a riƙa ba ɗalibi ita na wata guda cur, maimakon a bar shi da roƙon dangi. Injin mai amfani da man fetur yana maye gurbin doki a wurare da dama, kuma hoton da ba a ɗauka da asuba a waɗannan shekaru ba, mai yiwuwa ba za a sake samun wurin ɗaukarsa ba.

A Ikara ne abin ya fito fili ta wata fuska da ba su zata ba. Ana cikin hira da wani malamin zaure a kan tarihin noman rake, sai ya shiga ciki ya fito da gafaka, a cikinta akwai waƙar wa'azi da ajami da kakansa ya kwafa, takardun sun yi ja, gefensu ya fara marmashewa. A wannan aiki babu batun kunya ko kintsawa, takarda ba ta sauya riga. Abin da ake bukata shi ne ɗigo. A rubutun Magaribi da malaman ƙasar Hausa suka gada, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf ɗaya a sama. Ɗigon imala da ke ƙarƙashin harafi yana cikin abin da ke raba ƙira da ƙera, kuma sau da yawa da jar tawada ake sa wasulla, wadda ke riga baƙa kodewa. Ƙaramar kyamara, garin goge tsakin da duhu ke jawo mata, takan goge irin wannan ɗigo ta ɗauka datti ne, ko ta ƙarfafa tabon takarda ya zama kamar wasali. Ba a banza ba shirin Laburaren Birtaniya na ceto tsofaffin takardu, wanda aka fara a 2004, yake sharɗanta hoto marar matsi da ma'aunin launi a gefen kowane shafi.

Ɗalibin ya kafa babbar a kan sanda mai ƙafa uku a bakin zaure, malamin yana juya warƙa da kansa, domin bai yarda wani ya taɓa ba. Aikin yana tafiya a hankali, sun kai kusan rabi ranar Alhamis da la'asar sai waya ta yi ƙara. Yayansa ne, yana da ɗaurin aure Juma'a da walima Asabar, a kawo masa kayansa kafin magariba. Malamin kuma zai yi tafiya ranar Lahadi, bai sa ranar dawowa ba. Sauran warƙoƙin da 'yar aljihun ɗalibar aka ɗauke su washegari, a hasken ƙofa, tana riƙe da numfashi kada hannunta ya motsa. Yawancinsu sun karantu. A baiti na uku daga ƙarshe akwai kalmar da ɗigonta ya tsaya tsakanin tawada da tabo, kuma a kundin an rubuta ta da karatu biyu, an sa alamar tambaya a gefe.